Ranar da Al-Ahram ta tura Mubarak gaban Obama

A watan Satumba na 2010 aka ɗauki wasu shugabanni biyar hoto suna taku kan jan kafet a fadar White House. Obama ne a gaba, sai Netanyahu da Mahmud Abbas da Sarki Abdullah na Jodan, Hosni Mubarak na Masar kuwa yana gefe, ya ɗan ja baya. Da jaridar Al-Ahram ta Masar ta buga hoton, sai ga Mubarak kan gaba, mai masaukin baƙi yana bin sa. Ba a daɗe ba wani ɗan Masar, Wael Khalil, ya jera na asali da na jabu a intanet, duniya ta yi ta dariya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hujjar babban editan, Osama Saraya. Wai hoton yana nuna matsayin Mubarak ne a sha'anin Falasɗinu. To, in ra'ayi kake son faɗa, ai ga shafin sharhi, ga mai zanen barkwanci. Mai karatu yakan yi gardama da rubutu, amma hoto yakan ɗauka shaida ce, kamar da idonsa ya gani.

Ƙa'idar manyan kamfanonin dillancin labarai ba ta da wuya: a yanke gefe, a ɗan daidaita haske, amma kada a ƙara komai, kada a cire. Ko hasken ma da iyaka, don a 1994 mujallar Time ta sha suka da ta ƙara wa fuskar O. J. Simpson duhu.

A 2006 wani mai ɗaukar wa Reuters hoto, Adnan Hajj, ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut bayan harin jiragen Isra'ila. Bam ɗin gaske ne, ɓarnar ma gaske ce. Duk da haka Reuters ta sallame shi, ta kwashe hotunansa 920 daga rumbunta. Wasu za su ce hukuncin ya yi tsanani; ni ban ga haka ba. Da zarar an kama guda, wa zai rantse kan sauran? Kuma masu son musanta ɓarnar Lebanon sun samu abin da za su riƙa nunawa duk lokacin da hoton gaskiya ya fito, ko da wani ne daban ya ɗauka.