Adana Takardun Hukuma da Haƙƙin Talaka na Ganinsu: Misali Daga Ƙasar Batsari da Safana

A wannan takarda muna son mu jawo hankalin mahalarta taro kan dangantakar da ke tsakanin adana takardu da gaskiya a aikin hukuma. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takarda daga ma'aikatar gwamnati, ta kuma ɗibar wa ma'aikatar kwana 7 ta ba da amsa. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi ma. To, amma ma'aikata ba ta iya ba da abin da gara ta riga ta cinye.

Alal misali, mu ɗauki manomi a Karare da gardama ta haɗa shi da makiyayi a kan inda gona ta tsaya da inda burtali ya fara. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, kuma dajin da ya ratsa Ruma da Runka yana cikin waɗanda aka shata. Taswirar wannan shaci da takardun En'e su ne shaidar da za ta raba gardamar. Sai dai an rushe En'e a 1976, aka soke haraji a Jihar Kaduna a 1979, sa'an nan aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Kowane sauyi ya kan sa fayil ya sake ɗaki. Wanda ya yi sa'a ya isa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Manomin kuwa, da wuya ya san akwai gidan, balle ya je.

Maganin da ake ta ambata shi ne ɗaukar hoton takardu a zuba a kwamfuta, tare da sunan wanda ya shigar da su da ranar, yadda ba mai sauya iyaka a ɓoye. Mun yarda da wannan, amma da sharaɗi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana. Da a ce taswirar tana intanet kaɗai, da ba mai ganinta. Don haka a ganinmu wajibi ne a buga kwafi da Hausa, a ajiye ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya a ofishin hakimi, inda dagaci da ardo za su iya dubawa tare.