Kifin Teku Mai Kwana Cikin Yashi: Karanta Wannan Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Duk mazaunin Legas ko Fatakwal ya saba ganin akwatin gilashi cike da ruwa da kifaye masu launi a otal-otal da ofisoshi da falon masu hali. Wasu cikinmu sha'awa suke yi su ajiye irinsa a ɗaki, har su kai gida Arewa. Wasu kuma aiki ne ya haɗa su da shi: maigida ya yi tafiya ya bar musu amanar akwatin. Ko wanne ne kai, akwai wani ɗan kifi rawaya shar da ke yawan jan ido a irin wannan akwati, kuma yana da saurin mutuwa a hannun wanda bai san halinsa ba.

Wane kifi ne wannan?

Masu sayarwa suna kiransa yellow wrasse, masana kuma Halichoeres chrysus, sunan da wani masanin kifi ɗan Amurka, John Randall, ya ba shi a 1981. Mu dai mu ce masa ɗan rawaya. Tsawonsa ba ya wuce santimita 12, kuma yana da ɗigon baƙi a ƙayar bayansa. Ba a tekun Legas yake ba. Gidansa tekun Indonesiya da Filifin da kudancin Japan da Ostareliya, a gefen duwatsun murjani inda akwai yashi. Wani abin mamaki, a mace yake fara rayuwa, in ya girma ya zama babba a garke sai ya rikiɗe namiji.

Masu ajiye murjani mai rai suna sonsa don ba ya cin murjanin, sai ma ya yini yana tsince tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi masu yi masa ɓarna. Kamar dai yadda balbela ke bin shanu. Amma ƙaramin jatan lande bai tsira daga bakinsa ba.

Yashi da murfi

Mu 'yan ƙasar Katagum mun san gaiwa. In ruwan fadama ya ja baya da rani, sai ta shige cikin laka ta yi zamanta har damina ta dawo. To ɗan rawaya ma haka yake, sai dai shi kullum ne: rana na faɗuwa zai yi nutso cikin yashi ya kwana, haka kuma in ya tsorata. Don haka dole ƙasan akwatin ya samu yashi mai laushi, kaurin santimita 5 zuwa 8. Tsakuwa mai kaifi tana yanka masa baki da jiki, raunin ya zama ciwo. Yashin gini ko na bakin rafi bai dace ba, akwai na musamman da ake sayarwa tare da kayan akwatin.

Sabon kifi yana iya ɓuya kwana biyu, uku, wani har mako. A nan ne mai tsaron amana yake ruɗewa, ya sa hannu yana tono don ya ga ko ya mutu. Kada ka tona. Tonon ne ke ƙara firgita shi. Yunwa za ta fito da shi.

Sai murfi. Kifin nan ɗan tsalle ne, ƙarar rufe ƙofa kaɗai ta isa ta sa ya yi sama. Da yawa a kan tayil ake tsintar su da safe sun bushe. A rufe akwatin da raga mai ƙananan ido, kada a bar ko 'yar kafa wajen da waya ke shiga.

Ruwan shi ne babban aiki

Tarwaɗa ta ɓata mu. Ka jefa ta a baho da ruwan rijiya ta kwana lafiya lau, har shaƙar iska take yi. Kifin teku ba haka yake ba. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma ba gishirin miya kaɗai ba ne, akwai sinadarai irin su kalsiyam da magniziyam a ciki. Sai an sayi gishirin da aka haɗa musamman don wannan aiki, a dama shi da ruwan da na'ura ta tace sosai. Ruwan famfo yana da kulorin, na burtsatse kuma ba ka san abin da ya kwaso ba. Kada kuma wani ya ce maka ga lagun nan kusa ka ɗebo; ruwan lagun gauraye ne da na koguna da dattin gari.

Ga lissafin. Kifin yana buƙatar akwati mai cin lita 200 ko kusa da haka. Cika shi kawai zai ci wajen kilo 7 na gishirin. Bayan haka duk mako biyu a kwashe kashi ɗaya cikin goma, wato lita 20, a zuba sabon haɗi. Ruwan da ya ragu saboda zafi kuwa, da ruwa zalla ake cike gurbinsa, domin ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Wanda ya riƙa ƙara ruwan gishiri, a hankali zai mayar da akwatin tafkin kanwa. Shi ya sa na'urar auna gishiri ba ado ba ce.

Kuma ba ranar da aka cika akwati ake saka kifi ba. Kashin kifi yana zama amoniya, ita kuwa guba ce. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani sun yaɗu a duwatsu da yashi suna cinye ta, wanda ke ɗaukar mako 4 zuwa 6. A auna, in amoniya ta koma sifili, sannan a kawo kifi.

Ɗan tireda da shanu ya san wannan

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kara ta Berger ko Oko-Oba ana sauke shanu daga tirela, ya san dabbar da ta sha hanya ba ta da ƙarfi, kuma mai hankali ba ya cusa baƙuwar saniya cikin garke sai ya ga lafiyarta. Kifin nan ya fi su shan hanya, a leda ya taso daga Asiya cikin jirgin sama. Kafin ka biya, ka ce a ba shi abinci a gabanka. Wanda ba ya ci, ko bakinsa ya ƙuje, ko yake da fararen ɗigo a jiki, bar musu kayansu. In ka saya, ka killace shi a ƙaramin akwati dabam na 'yan makonni, da roba cike da yashi don kwana. Magani ma a can ake ba shi, domin maganin da ke da jan ƙarfe a ciki yana kashe murjani. Abincinsa nama ne: ƙananan jatan lande daskararru, kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana.

Zai yiwu a Azare?

Abu biyu ne za su yanke hukunci: wuta da zafi. Famfon da ke juya ruwa shi ne numfashin akwatin. In aka ɗauke wuta ya tsaya, cikin 'yan awoyi iskar ruwan za ta yi ƙasa. Ba inbata ko sola mai riƙe dare gaba ɗaya, ba maganar kifin teku, ko a Legas ne.

Zafin da ake so digiri 24 zuwa 27, ba hawa ba sauka. A Azare kuwa watan Afrilu zafi yana haura 40, murjani kuma ya fara wahala da zarar ruwa ya kai 30. Fanka a saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu ne kawai, sauran sai ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Da hunturu kuma sai an nemi abin ɗumama ruwa. Ƙara da cewa in gishirinka ya ƙare, tsakaninka da Legas ya haura kilomita 1,000.

Ban ce ba zai yiwu ba, amma sai mai wutar da ba ta yankewa da aljihun da ba ya kuka. Ga sauranmu, akwai hanya mai sauƙi. Najeriya tana fitar da kifin ado na ruwan daɗi zuwa ƙasashen waje, har da dangin kurungu da muke ci ba tare da mun kalli zanen jikinsa ba. Kogin Jama'are da ya bi ta gefen garin Katagum yana da kurungu da ƙarfasa. Sun saba da zafinmu, ba sa neman gishirin kanti. Fara da su, ka koyi tace ruwa da canza shi na shekara guda.

Kai kuma da aka bar wa amana, kafin maigida ya fita ka tambaye shi abu huɗu: nawa ake ba su abinci, ina ruwan cikawa yake, me za ka kunna in an ɗauke wuta, wa za ka kira in ka ga kifi yana haki a saman ruwa. Rai ne aka kulle a gilashi, ba ya da bakin da zai ce maka yana shan wuya. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.