Gubar Da Ba Ta Wari: Yoyon Salansa A Tsofaffin Motocinmu



Duk lokacin da hutun makaranta ya zo, ko Sallah ta gabato, gidajenmu na Briqueterie da Cité Verte da Tsinga sukan shiga shirin tafiya ganin gida. Wasu su bi jirgin ƙasa na dare zuwa Ngawundare, wasu su shiga manyan motocin kamfanoni, wasu kuwa su haɗa kuɗi su yi shatar ƙaramar bas, ko maigida ya ɗebi iyali a motarsa. Kafin a tashi akan duba taya da birki da baƙin mai da ruwan lagireto, kuma hakan daidai ne. Amma da wuya mu ji wani ya ce a leƙa salansa, wato abin da makanikanmu na nan ke kira échappement. Mun ɗauke ta abin rage ƙarar injin kawai, alhali babban aikinta shi ne ta kwashe guba daga injin ta fitar da ita can bayan mota, nesa da hancin waɗanda ke ciki. Idan ta huje a tsakiyar hanya, gubar takan sami wata mafita, kuma sau da yawa mafitar ita ce wurin da 'ya'yanmu ke zaune.

Dalilin da ya sa abin ya shafe mu

Mafi yawan motocin da muke hawa sun sha aiki a wata ƙasa kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala. A shekarar 2020 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. A ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a kan titi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfen ƙarƙashin mota. Saboda haka mota takan iso mana fentinta na ƙyalli, cikinta kuwa tsatsa ta riga ta fara aiki.

Yawunde kuma sai ta ɗora nata. Garinmu damina biyu gare shi a shekara, ga hawa da gangara, ga ramuka da tudun rage gudu da ke dukan ƙasan mota. Gajeriyar tafiya cikin cunkoso, kamar daga Cité Verte zuwa kasuwar Mokolo, ba ta barin salansa ta yi zafin da zai ƙone ruwan da ke taruwa a cikinta, sai ruwan ya kwana a ciki yana cin ta. Ƙari a kan haka, ƙananan bas irin tsohuwar Toyota Hiace injinsu yana ƙarƙashin kujerar direba da ta mai zaman gaba. Abin da ya raba mutum da injin murfi ne kawai da robar da ke bakinsa. In robar ta tsufa, duk hayaƙin da ya tsere daga injin zai hau kai tsaye cikin mota. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gubar da aikinta a jiki

Hayaƙin mota yana ɗauke da wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Warin da muke ji na wasu abubuwa ne da ke tafe tare da ita, don haka rashin jin wari ba shaida ba ce cewa babu ita. Tun a ƙarni na 19 wani likita Bafaranshe mai suna Claude Bernard ya gano yadda take kisa. Sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini yana kama wannan guba da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa na hawa da sauka, amma jininsa ya daina kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Saboda ɓoyuwarta ne masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari a keji har zuwa 1986: in tsuntsun ya faɗi, sai kowa ya nemi hanyar fita.

Alamominta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala da barci mai nauyi. Waɗannan kuwa su ne abin da muka saba dangantawa da gajiyar hanya, ko zazzaɓin cizon sauro, ko amai irin na yaron da mota ba ta karɓe shi ba. Abin da ke bambanta su shi ne mutane da dama su kamu lokaci guda a mota ɗaya, kuma su ji sauƙi da zarar sun sauka sun sha iska. Jarirai da masu juna biyu da tsofaffi da masu ciwon zuciya sun fi saurin galabaita. Direba kuma, in ta taɓa shi, hankalinsa kan yi nauyi, ya yi gyangyaɗi bai sani ba. Injin fetur ya fi na gas fitar da wannan iska, amma na gas ɗin ma ba abin a saki jiki da shi ba ne.

Hanyar da hayaƙi ke bi

Hayaƙi yana fita daga kan injin ya shiga mahaɗa, wadda makanikai ke kira manifol ko collecteur. A tsofaffin motoci galibi ta ƙarfen zubi ce, an ɗaure ta da ƙusoshi masu noti, tsakaninta da injin kuma akwai gasket da ke toshe kafa. Daga nan sai bututu, wasu motocin da guntun saƙaƙƙen ƙarfe mai lanƙwasa don ya shanye girgizar injin. Sai matacin hayaƙi, sai tukunyar rage ƙara, sai wutsiya. Duk wannan yana rataye ne a jikin robobi.

Mahaɗar nan tana yin zafin ɗaruruwan digiri, ta buɗe, in an kashe mota ta huce ta tsuke. Shekara da shekaru tana haka, har ta kai ga ta karkace ko ta tsage, ko ƙusa ta karye, ko gasket ya ƙone. Yoyon wannan wuri ya fi kowane haɗari, domin yana kusa da mutane, kuma hayaƙin bai riga ya bi ta mataci ba. Matacin, wanda aka fara sa wa motocin Amurka a 1975, Turai kuma ta wajabta shi a farkon shekarun 1990, yana juya mafi yawan gubar zuwa iska mai sauƙin illa. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, shi ya sa ake cire shi a sayar. Mai sayen tsohuwar mota ya kamata ya sa a duba masa ko yana nan.

Yadda ake gane yoyo

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe, injin na da sanyi, a fili inda iska ke kaɗawa, ba cikin rufaffen gareji ba. A tayar da mota a saurara. Idan an ji ƙara "tak-tak-tak" daga gefen injin, tana ƙaruwa in an taka totur, sa'an nan ta ragu ko ta ɓace bayan 'yan mintuna, to a zargi mahaɗa ko gasket ɗinta. Ɓacewar ƙarar ba warkewa ba ce. Ƙarfe ne ya yi zafi ya buɗe ya matse kafar, gobe da safe za ta dawo. Ƙara mai rugugi daga ƙarƙashin mota kuwa takan nuna bututu ko tukunyar ce ta huje.

Bayan kunne sai ido. A haska tocila a nemi baƙin kunkunniya a gefen mahaɗa da wuraren da bututu ya haɗu da bututu, a duba ko akwai ramin da ƙusa ta ɓace. Ana iya kai hannu kusa, ba tare da an taɓa ba, a ji ko iska na bugowa. Mai yin haka ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun riga, domin fanka da bel ba su san mai mota ba. Wata dabara ita ce mutum ɗaya ya danna tsumma a bakin wutsiya na 'yan daƙiƙu, ɗayan yana saurare. Inda ke yoyo zai yi huci. Makanikai kuma sukan hura iska ta wutsiya injin na kashe, su fesa ruwan sabulu a kan mahaɗai, duk inda kumfa ya taso nan ne kafar. A motocin da ke da na'urar auna iska a jikin bututu, yoyon da ke gaban na'urar yakan ruɗe ta, injin ya riƙa shan mai fiye da kima. Wanda ya ga kuɗin mansa ya ƙaru ba dalili, ya tuna da wannan.

Gyara na gaskiya da gyaran ganin ido

Naɗe bututu da gwangwani da waya, ko shafa masa ƙullin da ake sayarwa na toshe ɓula, dabarar kai mota gareji ce kawai. Ba da ita ake kama hanyar Bartuwa da Garwa-Bulai da Maiganga ba, tafiyar da ta haura kilomita 800 kafin a ga Ngawundare. Ƙaramar ɓula a bututu mai sauran ƙwari walda na iya maganinta. Amma in tsatsa ta cinye ƙarfen har ya zama kamar takarda, yau a liƙe nan gobe can ya ɓalle, sai dai a yanke a sa sabo. Kafin walda a cire kan batir, a kuma kula da tankin mai da tiyonsa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita.

Aikin mahaɗa haƙuri yake so. Makanike nagari yakan jiƙa notunan da man kwance tsatsa tun daren jiya, ya gasa mai taurin kai da wuta, ya juya a hankali. Gaggawa ita ke karya ƙusa a cikin kan injin, cire karyayyiya kuwa aiki ne na mai gwanintar huda ƙarfe, kuma kuɗinsa ya fi na gyaran farko. In an cire mahaɗar, a ɗora mata miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko fuskarta ta karkace. In ta karkace, a kai ta wurin masu injin goge ƙarfe su daidaita ta, in ba haka ba sabon gasket zai ƙone cikin 'yan makonni. Ƙarfen zubi da ya tsage yana bukatar a dumama shi kafin walda, a yi da sandar da ta dace da shi, a bar shi ya huce sannu a hankali; in babu mai wannan sani, gara a nemi wata mahaɗar mai lafiya a kasuwar kayan gyara ta Mvog-Ada. Gasket kuwa sabo ake sawa, mai kyau, domin araha ba ta ado. Ana ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, a sake duba su bayan mota ta yi zafi ta huce.

Gyara bai cika ba sai an sauya robobin rataya da suka tsinke, an toshe ramukan da tsatsa ta yi a daɓen mota, an gyara robar murfin injin da ta ƙofar baya, an kuma tabbatar wutsiyar ta leƙo waje daga ƙarƙashin mota. Takardar visite technique hukuma take gamsarwa. Mai mota shi ya san abin da kunnensa ke ji kowace safiya.

A kan hanya

Akwai al'adar da ya kamata mu bari, ta cika bayan mota da kaya har ƙofa ta ƙi rufuwa, a ɗaure ta da igiya. Mota in tana gudu, iskar bayanta takan juyo ta tura hayaƙi ciki ta wannan kafa, kuma kujerar baya ita ce inda muka saba zuba yara. Haka nan in dare ya yi a tudun Adamawa lokacin hunturu, akan rufe gilasai ruf, wani ma ya tsaya ya kwanta a mota injin na aiki. A kashe injin in za a yi barci, a kuma bar gilashin gaba a ɗan buɗe in ana tafiya. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara idan wannan guba ta taru; mai halin saye ya ajiye ta a mota, ko a gidan da ake kunna janareta ko gawayi, domin gubar ɗaya ce.

In aka ga alamun da muka ambata, a tsaya nan take, a kashe injin, a fitar da kowa fili. Wanda ya suma, ko ya ruɗe, ko ƙirjinsa ke ciwo, da mai juna biyu, a garzaya da su asibiti mafi kusa, a nan gida kamar asibitin gunduma na Cité Verte ko Hôpital Central, a kuma gaya wa likita cewa hayaƙin mota ake zargi. Maganin shi ne oksijin. A iskar Allah jiki yakan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin gubar, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Madara da manja da lemun tsami ba sa fitar da ita daga jini.

Ga 'yan'uwanmu direbobi da masu motocin haya, duk wanda ya biya kuɗi ya zauna a bayanku ya ba ku amanar ransa. Ga iyaye mata, ku ne ke zaune da yara a baya, in kun ga yaro ya yi laushi ko barcinsa ya wuce kima, ku yi magana, kada kunya ta hana ku cewa a tsaya. Ga magidanta kuma, a kai mota gareji mako guda kafin tafiya, don a sami lokacin gyara da gwaji. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai mu gida lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Wassalamu alaikum.