Zaɓen Kayan Naɗar Muryar Mawaƙan Opera da Kuɗi Kaɗan

Opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa cikin waƙa, wanda ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600, yana buƙatar mawaƙin da zai cika babban zaure irin La Scala na birnin Milan da muryarsa kaɗai, ba tare da lasifika ba. Wannan ƙarfin murya shi ne ke wahalar da mai naɗa, domin makirufon da aka kafa gab da baki yakan shaƙe, sautin ya dagule.

Saboda haka ake kafa makirufo nesa da mawaƙi, shi ya sa masana suka fi son makirufo nau'in kondensa, wanda ke kama sauti komai laushinsa, sai dai yana buƙatar wutar bolt 48 da na'urar naɗa ke tura masa ta waya. Rode NT5 guda biyu, haɗe da ƙaramar na'ura irin Zoom H5, sun ishi ɗalibi, muddin aka kafa su mita biyu zuwa uku daga mawaƙin bisa tsarin ORTF na gidan rediyon Faransa, inda ake raba kawunansu da santimita 17, a buɗe su digiri 110, don su ji yadda kunnuwan mutum ke ji.

Wajibi ne a kashe maɓallin da ke daidaita ƙarar sauti da kansa, tun da yakan danne hawa da saukar murya, alhali a nan gwanintar mawaƙin take. Zaure mai daɗin amo kuwa ya fi makirufo mai tsada amfani, shi ya sa kuɗin hayarsa ya cancanci a fara warewa.