Ko Kun Sani? Makunnin Zamani na Fankar Silin

Makunnin bango na zamani yana ba da damar kunna fankar silin, kashe ta, ko sauya gudunta daga wayar hannu, ta hanyar Wi-Fi, Zigbee ko Z-Wave. Ana iya sa masa lokaci ya rage gudun fanka da asuba, in gari ya yi sanyi.

Yawancin irin waɗannan makunnai suna buƙatar wayar nutural a cikin akwatin bango, domin na'urar da ke cikinsu tana cin wuta kaɗan ko da fankar a kashe take. Makunnin rage hasken ƙwan lantarki bai dace da fanka ba: yana sa injinta ƙugi da zafi. Na fanka kuwa yawanci da kafasito yake rage gudu, mataki-mataki.

Kafin a ɗaura makunnin, a kashe wutar gidan daga babban makunni, a cire tsohuwar regileta. Fanka mai igiyar ja sai a bar ta a kan gudu mafi ƙarfi. A duba kuma ko makunnin ya dace da ƙarfin wutar gidan: na Amurka bolt 120 ne, Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 240.