Takardar CV: faɗin abin da ka iya ba riya ba ne

'Yan'uwa, muna ganin ɗalibanmu a Paraku da Jugu suna kai dosiyen neman aiki, amma takardar tarihin karatu da aiki, wadda ake kira CV, kusan wayam. Yaro ya shekara goma a madarasa, sai ya rubuta BEPC kaɗai, wai tsoron riya. To, mu duba Suratu Yusuf, aya ta 55: Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, ya kuma faɗi cancantarsa.

Mai ɗaukar aiki da Faransanci yake karatu, don haka a kai shahadar Larabci wurin mai fassarar da kotu ta rantsar. A sa sunan makaranta da shekara, na baya-bayan nan a sama. Karantar da yara bayan La'asar aiki ne, riƙe kuɗin masallaci ma haka. A rubuta su. Kada a manta harsuna, Dendi, Bariba, Fulatanci, Hausa, domin ƙungiyoyin agaji kan nemi tafinta. Shafi ɗaya ya isa, da lambar waya mai shiga.

Shahadar da ba ka da ita kuwa, kada ka ambace ta. Ƙarya ce, kuma ranar ganawa ta asali za a ce ka kawo.