Ina Jirgin Zai Kwana? Sana'ar Su da Fito a Kogin Makwar

Baƙon da ya shiga jirgin katako a Nilul Azrak, wato Shuɗin Nilu, a Sudan, zai ɗauka tuƙi shi ne sana'ar. Masu ita sun san ba haka ba ne. In ruwa ya kwanta da rani, yaro ɗan shekara goma sha biyu ma yana iya riƙe filafili ya kai ka wancan ƙetaren. Inda ake gane gwani shi ne da yamma, lokacin da za a zaɓi wurin kafa turke. Wanda ya ɗaure jirginsa a gindin gaɓa mai zaizaya, da safe sai ya tono shi. Wanda ya taƙaita igiya a daren da ruwa zai ƙaru, zai tarar da hancin jirgi a nutse. Wanda ya ja shi kan yashi ya manta da shi kwana da kwanaki, rana za ta buɗe masa bakin kowane katako. Shi ya sa tambayar da rayis, wato shugaban jirgi, ke yi wa yaransa kafin a watse ba ta wuce ɗaya: a ina kuka ɗaure?

Makwar sunan ƙauyen da aka gina madatsar ruwa a gefensa ne. An soma aikin a 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da shi, aka kammala a 1925. Daga baya garin ya karɓi sunan tsohuwar Sinnar ta sarakunan Funj, amma tsohon sunan bai bar bakin dattawa ba. Hausawa da Fulani sun riga madatsar zama a wannan gaɓa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a zuwa gabas. A 1906 suka sauka wajen ƙauyen Shehu Talha, sannan suka ƙetare kogin suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan. Wato garin da kansa da fito aka kafa shi. Alhazan da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka suka riƙa ƙaruwa a kansu, wasu suka yi leburanci a ginin madatsar, wasu suka shiga cirar auduga a Jazira, waɗanda suka taso a bakin gulbi a gida kuwa suka ga ruwa suka gane abinsu. Har yau in ana lissafin masuntan wannan kogi daga Sinnar zuwa Rusairis, da Bahaushe ake farawa.

Jirgin nan na gargajiya abin kallo ne ga wanda ya san sassaƙa. Da bagaruwa ake yin sa, wadda Larabawan Sudan ke kira sunut. Mu a ƙasar Hausa majema muka bar wa ita, su jeme fata da 'ya'yanta. A nan jikinta ake so, don katakonta ba ya saurin ruɓa a ruwa. Sai dai ba ta ba da dogon katako miƙaƙƙe. Gajeru ne, masu kauri, masu lanƙwasa, ga nauyi kamar ƙarfe. Saboda haka masassaƙan Nilu suka fito da dabarar da masana jiragen ruwa suka daɗe suna mamakinta: ba a fara kafa haƙarƙari a ciki sannan a lulluɓe shi da katako. Katako ake ɗorawa a kan katako, baki da baki, a sassaƙa kowanne ya zauna daidai da na ƙasansa, a buga doguwar ƙusa a karkace ta ratsa na sama ta shige na ƙasa. Kaurin katakon shi ne ƙarfin jirgin. In an gama sai a cusa tsumma a duk wata kafa, a tura shi ruwa ya sha ya kumbura ya toshe kansa. Unguwar Abu Rof a Umdurman ita ta yi suna da wannan aiki, amma duk mushra mai jirage, wato mashigin da ake sauka ake hawa, ba ta rasa mai gyara da gizagonsa. Yanzu jiragen ƙarfe masu inji a baya sun ci kasuwar fito. Na katako ya fi zama a hannun masu su, ƙaramin da ake ce wa sharok da matsakaicin da ake ce wa fuluka.

Kayan aikin kuwa Bakabe daga Argungu zai gane su ko ba a yi masa tafinta ba. Ga birgi, da Balarabe ke kira tarraha, ga raga da ake shimfiɗawa da yamma a ɗebe da asuba, ga doguwar igiya mai ƙugiyoyi. Kifin ma namu ne da sunan aro: giwan ruwa ta zama ijil, karfasa bulti, tarwaɗa garmut, kurungu gargur, tsage kas. Kawara ce kaɗai ba ta sha wahalar sauya suna ba. Abin da bai sayu ɗanye ba a tsaga shi a shanya ya zama kajik, wanda ya daɗe yana gyara miyar ma'aikatan gona. Kas da kawara kuma a zuba musu gishiri su zama fasik.

Kogin yana da shekararsa. Daga Yuli yake soma ja, ya cika ya batse a Agusta da laka daga duwatsun Habasha, lokacin da 'yan ƙasa ke kira damira, kalmar da harafi ɗaya ya raba ta da daminarmu. Sai ya riƙa janyewa, ya bar juruf, wato gaɓar da laka ta kwanta a kai, mai kyan noman kayan lambu. Tsoffin masu jirgi sun haddace wannan kamar karatun allo. Amma yanzu ba sama kaɗai ke ba kogin umarni ba. Madatsar Sinnar tana buɗe ƙofofinta a tsakiyar damira don laka ta wuce, ta rufe ta tara ruwa daga baya. A 1966 aka ƙara ta Rusairis, a 2013 aka ɗaga ta da mita 10, ruwa ya ci garuruwan gaɓa aka mayar da mutanensu sababbin matsugunai masu lamba a madadin suna. Sai kuma babbar madatsar Habasha, wadda da aka soma cika ta a Yulin 2020 ruwa ya ja baya kwatsam har wasu tashoshin ruwan sha na Khartum suka tsaya. Mai jirgi yana iya karanta gajimare da launin ruwa. Ba ya iya karanta zuciyar injiniyan da ke wata ƙasa.

To a nan batun turke ya zama batun hukuma. Wuraren da jirgi ya fi son kwana su ne dai wuraren da wani ke tsaro.

Ɗauki gindin madatsa. Kifi mai haurawa yana zuwa ya tarar da bango, ya taru a nan, kuma babu masuncin da zai ga haka ransa bai biya ba. Amma nan ne ruwan ƙofa ke juya jirgi kamar ƙwarya, nan ne kuma masu gadi ba sa son ganin kowa. Madatsar Jabal Auliya a Farin Nilu, ta 1937, an yi mata ƙofar wucewar jirage da matakalar kifi. Ta Sinnar, ruwan auduga aka gina ta ta tara, ba a yi ta don masu jirgi ba. Haka ma tur'a, manyan magudanan da ke ɗaukar ruwa daga nan su shayar da fiye da fadan miliyan biyu na gonakin Jazira da Manakil: a Ingila irin waɗannan hanyoyin ruwa jirage ne ke yawo a cikinsu har ana rigimar wurin ɗaurewa, a nan kuwa gadoji da ƙofofin rabon ruwa sun datse su, gaɓarsu ta ma'aikatar ban ruwa ce. Mai birgi a ƙafa yake bin su.

Sai dazuzzukan bagaruwa da ke cikin kwaruruwan gefen kogi tsakanin Sinnar da Rusairis. Da damira ruwa kan shiga ya kwanta a cikinsu wata da watanni. Babu mafakar jirgi kamarsu, don igiyar ruwa ba ta da ƙarfi a ciki, ga itatuwan ɗauri ko'ina. Nan ne kuma kifi ke shiga ya yi ƙwai, 'ya'yansa su yi wayo kafin su fita babban ruwa, tsuntsayen ruwa su cika rassa. Dazuzzukan keɓaɓɓu ne tun zamanin Turawa, waɗanda suka riƙa yanka su don katakon shimfiɗa titin jirgin ƙasa, kuma tun 1989 suna hannun Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa. Mai gadin daji in ya hango jirgi a tsakiyar itatuwa, gatari da gawayi yake gani. Ba kullum yake kuskure ba. Amma abin dariya, mutumin da ya fi kowa buƙatar bagaruwa ta girma ta yi kauri shi ne mai jirgin, tunda jirginsa na gaba a cikinta yake.

Can gabas kuma ga gandun namun daji na Dindir, wanda aka kafa a 1935, UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 1979, aka kuma amince da shi cikin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Kogin Dindir na damina ne. Da rani sai ya yanke ya bar tafkuna da fadamun da ake kira maya, inda ɓauna da gwambaza da gadu ke sha, zaki na fako, kwasakwasa da borin-tunke na cin kifin da ruwa ya ƙafe wa. Dokar namun daji ta 1986 ta hana shiga ba izini, kuma ina ganin ta yi daidai. Zangon masunta a bakin maya ba raga kaɗai ba ne, wuta ce da hayaƙi da hayaniya a daidai mashayar da dabba ba ta da wata. Raƙumin dawa ya riga ya ƙare a gandun. Wanda ya ce kifin maya na Allah ne ya faɗi gaskiya, amma ɓaunar ma ba wani ya halicce ta ba.

Akwai ma dokar da ta taɓa jirgi kai tsaye. A ƙarshen shekarun 1950 wata ciyawa mai yawo a kan ruwa kamar kainuwa, mai shuɗin fure, ta mamaye Farin Nilu. Gwamnati ta yi doka a 1960 ta hana ɗaukarta daga wuri zuwa wuri, don in ta shiga Shuɗin Nilu da magudanan Jazira an shiga uku. Ɗan reshe ɗaya da ya maƙale a gindin jirgi ko cikin raga ya isa. Wannan doka ce da kowane masunci zai gane amfaninta, don ciyawar ragarsa za ta fara ci. Ita kuwa dokar kamun kifi ta 1954, mai maganar lasisi da girman idon raga, ta fi samun tsaki, musamman daga waɗanda suka ga kifi na tasowa matacce a tur'a bayan jirgin sama ya yi wa auduga feshi. Kifi na ganinka mai jar koma, amma ba ya ganin mai jirgin sama.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake yi wa masuncin Bahaushe kallon wanda bai san hani ba sai an nuna masa bindiga. A Argungu, ruwan Matan Fada a rufe yake, ba mai jefa homa sai ranar da aka buɗe shi, kuma Sarkin Ruwa ke riƙe da wannan amana. Shi ya sa bikin da aka soma a 1934, da tseren kwalekwalensa da komai, yake samun giwan ruwan da za a nuna wa baƙi, har UNESCO ta karrama shi a 2016. A Yawuri, bikin Rigata ya samo asali ne daga farautar dorina da mayaƙan ruwa ke yi. Da aka hana kashe ta sai ya koma nunin jirage da gwanintar tuƙi. Mutanen da suka fito daga irin wannan gida sun san ruwa yana hutu. Abin da ba su saba da shi ba shi ne a rufe ruwa daga ofis, ba a ce har yaushe ba, ba a ce ga inda za a koma ba.

Kuma a Sudan maganar gaɓa ba ta rabuwa da maganar asali. Rikicin da ya ɓarke a jihar Nilul Azrak a Yulin 2022, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, a kan ƙasa da sarautar gargajiya aka yi shi. Ɗaruruwa suka mutu, dubun-dubata suka bar gidajensu, da yawansu Hausawan da kakanninsu a nan aka binne su. Mutumin da ake ce masa baƙo a kan tudu, yaya zai ji in aka ce masa ya kwance jirgi daga gaɓa, ko da dalilin na tsuntsu ne?

Sai yaƙin da ya soma tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a 15 ga Afrilun 2023 ya iso. Dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disamba, suka shiga Sinja a ƙarshen Yunin 2024, hanyoyin mota suka yanke. Jama'a suka kwarara bakin kogi da yara da tsofaffi. Jiragen da aka yi don mutum uku da raga su suka yi fiton, kuma a farkon Yuli aka ba da labarin wanda ya kife da mutane wajen 25 a daidai lokacin da ruwa ke tasowa. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba, Madani a Janairun 2025. A watannin da ke tsakani babu wanda ya tambayi rayis takardar izini.

Ran da hukumomin daji da na kifi da na ban ruwa za su koma teburinsu su sake shata inda jirgi zai tsaya da inda ba zai tsaya ba, roƙona su sauko mushra tukuna. Su zauna da shugabannin masunta na Mai Wurno da Suki da Sinja da Rusairis, a faɗi watannin da za a bar wa kifi dajin bagaruwa, a faɗi tsibiran yashin da tsuntsu ke binne ƙwai a kansu, a kuma ba kowane gari mashiginsa a rubuce, wanda mai gona ko mai kaki ba zai tashe shi ba. Mu kuma masu sayen kifi, in aka miƙo mana bulti da bai kai tafin hannun yaro ba, mu mayar wa mai shi.